Tukunyar da Gwaggo Ta Ɗora Domina

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan gero. Na Allah muke, wurinSa za mu koma, ita dai ta riga mu. Ƙanwar mahaifina ce. Ba ta bar miji ba, ba ta bar ɗa ba. Ta bar ɗaki ɗaya da akuya biyu, da sunan da aka ɓata mata shekara goma sha ɗaya.

Maza sun zo jana'iza, don ba a ƙin jana'iza. Aka yi mata salla, aka kai ta, kowa ya koma gonarsa. A cikin gida ne abin ya nuna. Matata ta ce tabarma uku aka shimfiɗa wa mata, ɗaya ce ta cika. Da aka ɗebo ruwa a randar Gwaggo aka zagaya da shi, wasu suka miƙa moɗar gaba ba su kai baki ba. Wata ta yi addu'a ta ce Allah Ya yafe mata abin da aka sani da wanda ba a sani ba, ta kuma ja "abin da aka sani" ɗin yadda kowa zai gane. Wata ta tambaya a hankali ko an kawar da tukwanenta kafin malamai su shigo. Baffa, wanta kuma wan mahaifina, wanda idanunsa suka tafi, yana zaune a soro yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya yi masa ta'aziyya sai ya ce Allah Ya ba da lada. Kalma ɗaya ta alheri bai faɗa a kanta ba.

Zan faɗi abin da suke nufi, tunda su ba sa faɗa a fili. Cewa suke Gwaggo tana dafa giya. Ƙarya ne. Na san ƙarya ne domin ni nake shan abin da take dafawa.

Ita ta raine ni. Uwata ta rasu ba a yaye ni ba, Gwaggo ta ɗauke ni ta goya. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Babana. Ko dukana za ta yi, Babana take cewa. Ba mace ce mai lallashi ba. In ka faɗi ba ta ce maka sannu sai ta ga jini. Da akuyoyinta ta fi hira, tana yi musu faɗa kamar masu jin magana. Ba ta aunawa da gwangwani, da tafin hannu take awo, kuma ba ta kuskure. Kunun zaƙinta ne aka sani a garinmu da ƙauyukan da ke kewaye, har bakin Makoda. Ba ta sa sukari. Dawa take tsirarwa, zaƙin tsiron ya ishe ta. Suna ko biki, in babu kunun Gwaggo, sai a ce an yi rowa.

Na girma na bi mota. Karen mota na yi a tirelar da ke kai shanu Kudu. Wata rana muka faɗi a gangare. Mu tara ne a kan motar, biyu muka tashi. Aka sa mini ƙarfe a ƙafa. Na zauna can sama da shekara biyu, ba aiki, ba barcin kirki, in na rufe ido sai in ji kukan shanu. A nan na koyi sha. Ba burkutu ba, ta kwalba, ta kamfani. Akwai wata mai ruwa garai-garai, mai ɗaci, mai ƙamshi kamar na ɓawon lemo. Ba ta da ƙarfi. Mutum zai sha huɗu, ya sha biyar yana hira, ya tashi da ƙafafunsa ya ce bai sha komai ba. Da haka ta kama ni.

Da na dawo gida ba wanda ya sani. Duk bayan kwana goma sai in ce zan shiga Kano a duba mini ƙafa. In dawo da yamma bakina cike da goro da kanumfari. Kowa yana tausaya mini. Gwaggo kaɗai ba ta ce mini sannu.

Wata ranar na dawo na tarar tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta. Ta ce in zauna. Ba ta dube ni ba ta ce wane irin likita ne wannan da yake duba ƙafa wari ya fito ta baki. Ta ce ta girma kusa da Maguzawa, ta san warin tun ba ta da wayo, kanumfari ba ya rufe shi. Na jira zagi. Ban samu ba.

"Babana, mene ne a cikinta da ba ka iya bari?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Na ce mata mayen ba shi ne kaɗai ba. In la'asar ta yi, na taso daga gona, maƙogwarona ne yake neman wannan ɗacin mai sanyi. In bai samu ba sai hannuna ya kama rawa, sai motar nan ta dawo mini.

Ta kaɗe rariyar ta ce, "Ɗaci ne? To, ɗaci muna da shi a gida. Ba sai an biya kuɗin mota ba."

Washegari ta jiƙa farar dawa. Kwana ɗaya a ruwa, sannan ta baza ta a kan jiƙaƙƙen buhu a bayan rumbu, ta rufe da wani buhun, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana uku ta tsira. Ta shanya ta bushe, ta murje saiwoyin, ta ɓarza a turmi. Ta dama da ruwan ɗumi, irin wanda yatsa zai iya zama a ciki a ƙirga goma. Ta bar shi ya yi zaƙi, ta tace da farin ƙyalle, ta ɗora a wuta. Duk wannan aikin kunu ne, ta san shi. Abin da ba ta sani ba shi ne inda za ta dosa, don ba ta taɓa ɗanɗana abin da take son kwaikwaya ba, kuma ta ce har ta mutu ba za ta ɗanɗana ba. Ni ne harshenta. Ta dafa, in kurɓa, in faɗa mata.

Na farko da ɓawon maɗaci ta yi. Na sha rabin moɗa, na wuni ina zarya bayan gida. Ta ce ai ko ba komai na yi wankin ciki kyauta. Na biyu da shuwaka. Na ce mata wannan miya ce, tuwo ya rage. Ta jefe ni da ludayi. Garahuni ya yi kauri a harshe, ya ƙi sauka. Na ce mata waccan ɗacinta ba ya zama, zuwa yake ya wuce, ya bar ƙamshi. Ta yi kwana biyu tana tunani, tana gaya wa akuyoyi cewa ta haifi masifa ba tare da naƙuda ba. Sannan ta gwada namijin goro, ta kankare shi siriri ta zuba tun farkon tafasa, ta ajiye ɓawon lemon tsami sai da ta sauke tukunyar ta jefa. Ta gano da kanta cewa abin da aka dafa da daɗewa ɗaci yake bayarwa, wanda aka sa a ƙarshe ƙamshi. Launi ya rage. Na ce mata kamar shayi ne marar madara wanda aka yi wa yawan ruwa. Ta soya ɗan tsiro a kasko ya yi ja, ta haɗa da sauran. Ta zuba a ƙaramin tulu, ta binne gindinsa a jiƙaƙƙen yashi a inuwar darbejiya.

Da la'asar na sha. Ba ta kwalbar ba ce. Amma ta yi kusa, har na ajiye moɗar na dubi ƙasa. Gwaggo tana tsaye a kaina da hannu a ƙugu. Na ce saura kumfa. Waccan tana tsatstsafowa a harshe.

Ta yi ƙoƙari. Ta jiƙa tsamiya, ta jefa ɗan kanwa a ciki, abin ya taso fuu kamar gaske, ta zuba mini da murna. Kamar na sha ruwan wanki. Ita ma ta lasa ta tofar. Daga nan ta ce in haƙura da kumfa. Ta san hanyar da kumfa take zuwa, a bar shi ne ya kwana biyu ya yi tsami, kuma wannan hanyar ita ce ta raba halal da haram. Ta kafa doka ba ta taɓa karya ta ba: abin da aka dafa da safe a shanye shi kafin magariba. In ya yi saura, a kan idona take kifar da shi a bayan danga ta wanke tulun. Ko cokali ɗaya bai taɓa kwana a gidan nan ba.

Kuskure ɗaya muka yi. Ƙamshin bai gamsar da ita ba, ta ce bayanina ba ya isa, bakina kamar na rago. In kawo mata kwalbar, wadda babu komai a ciki, ta shinshina. Na kawo. Ta shinshina sau biyu, ta ɓata fuska, ta ce yanzu ta gane, ganyen lemon ma yana so. Ni a nawa tunanin za ta jefar. Gwaggo kuwa ba ta jefar da kwalba. Ta wanke ta sau bakwai, har da ƙasa, ta zuba man gyaɗa a ciki ta ajiye kusa da murhu. Ba ta iya karatu ba, takardar da ke jiki ado ce a wurinta.

Maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya. Mijinta ya yi zaman birni, ta san kwalbar. Ta ga kwalba a gefen murhu, ta ga tsiro a bayan rumbu, ta ga tulu a binne a yashi. Ba ta tambaya ba. Kafin Juma'a magana ta gama gari.

Aka daina aiko mata da dawar kunun suna. Yaran da ke zuwa saye da safe suka ɗauke ƙafa. Liman da kansa ya zo, mutum ne mai adalci, ya ce ba zai yi hukunci da ji ba. Ta shimfiɗa masa buzu, ta nuna masa komai tun daga jiƙo har tafasa, ta gaya masa dokarta ta magariba, sannan ta ɗebo ta miƙa masa. Ya yi bisimilla ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare. Ya ce wannan ba giya ba ce, horo ne, kuma wanda yake shan sa kullum ko dai marar lafiya ne ko mai tuba. Ya tambaye ta wane ne. Ta ce wani mai ciwo ne. Ya dube ta, ya dube ni ina gyaran ƙotar fartanya a gefe, bai ƙara tambaya ba. Ya umarce ta da ta fasa kwalbar. Ya faɗa a masallaci cewa ya duba bai ga haram ba. Mutane suka ce ai ta san zai zo ne, ta ɓoye ta gaskiyar.

Baffa bai jira bayani ba. Ya shigo da rana tsaka, tukunya tana kan wuta. Ya ce ta zubar da mutuncin gidan ubansu, jikokinsa ba sa iya ɗaga kai a makaranta. Ta ce masa ya ɗanɗana. Ya ce Allah Ya kiyaye bakinsa. Ya tambaye ta, in ba sayarwa take ba, wa take dafa wa. Ina tsaye tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Ta ce ba ruwansa. Ya ɗaga sandarsa ya fasa tukunyar, ruwan ya kashe wutar. Ya ce daga yau ba shi ba ita.

Ban ce komai ba. Na ga mutane sun mutu a gefena ban ji abin da na ji a ranar ba.

Da ya fita na ce mata zan bi shi in faɗa masa. Tana tsince gutsattsarin tukunya ta ce in na taka ƙofar nan ba ta yafe mini goyon da ta yi ba. A lokacin an fara maganar aurena da matata ta yanzu. Ta ce ita ta tsufa, ba mai zuwa neman aurenta, sunanta ba gona ba ne da za a ce a bana bai yi ba. Ni ne nake da gaba. Allah Ya rufa mini asiri, kada in yaye da hannuna.

Na ji maganarta. Gaskiya kuma ita ce, na ji daɗi da ta hana ni. Wannan ma ya kamata a sani.

Kwana uku babu tukunya, babu abin sha. A na huɗu na hau mota na shiga Kano. Na dawo washegari da la'asar, ko goro ban ci ba. Na tarar da sabuwar tukunya a kan murhu. Ta taka da ƙafa har kasuwar Makoda ta ɗauko ta a ka, don masu babur ɗin garinmu sun fara yi mata kamar ba su ji kira ba. Ƙafafunta sun kumbura. Ta ji warin da na shigo da shi. Ta ɗebo daga tulu ta miƙo mini.

"Sha, Babana. Magariba ta kusa."

Tun daga ranar ban sake kai giya bakina ba.

Da rani ya zo zan tafi ƙwadagon tumatir a Watari, wata uku ba gida. Ita ta fi ni tsoro. Ta ɓarza mini tsiro ta ɗaure a ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli na yini ɗaya, da namijin goro da busasshen ɓawon lemo daban. Ta zaunar da ni ta koya mini, tana dukan hannuna in na sa ruwa ya yi zafi da yawa. A can abokan aiki suka ɗauka maganin basir nake dafawa. Wasu har suka roƙa, suka ce ya yi musu aiki. Da na dawo na ba ta labari, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ashe da ta buɗe kemis.

Na yi aure, na haifi 'ya'ya huɗu. Bayan shekara uku ko huɗu na ce mata na warke, ta huta. Ta ce ba ni zan gaya mata ba. Ta rage zuwa ranar Litinin da Alhamis, amma ba ta daina ba sai da hannunta ya kasa ɗaga taɓarya. Ladanin garinmu ya tsufa, aka ce ni nake da murya kuma ba a taɓa jina da wani abin kunya ba, aka ba ni kiran salla. Ina kira, ita tana jina daga ɗakin da ba mai shiga gaishe ta. Biki ya wuce ba a gaya mata ba. Da salla yara su tsallake ƙofarta. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Abin da ta fi kawo ƙara a kansa shi ne kunun da ake yi yanzu a gari, wai duk sukari ne, ba mai haƙurin jiran tsiro.

A ciwonta na ƙarshe na zauna kusa da ita da safe, matata ta fita ɗebo ruwa. Na ce ta sake ni in faɗa, ko Baffa kaɗai, su gana tun tana da rai. Ta girgiza kai. Ta ce Baffa kansa kamar dutsen niƙa yake, ko na faɗa sai ya nemi wani laifin. Ta ce in ta tafi in yi abin da na ga dama, kunyar ba za ta same ta a can ba. Sannan ta ce in kula da baƙar akuyar, tana da ciki, kuma ba ta son dusar masara.

Bayan an binne ta na je wurin Liman, shi ma ya tsufa. Na fara magana ya ɗaga hannu, ya ce ya sani tun ranar da ya kurɓa. Na tambaye shi ko ya halatta in tona abin da Allah Ya rufa. Ya ce rufin asiri alheri ne in kai kaɗai kake ƙarƙashinsa, amma ni nawa a kan wata aka shimfiɗa shi. Ya ce in yi tunanin 'ya'yana da kiran sallata, sannan in zaɓa, ba zai zaɓar mini ba. Na gaya wa matata a ranar. Ta yi kuka, ba don ni ba. Ta ce shekara goma tana kai wa Gwaggo tuwo da rabin zuciya.

Ranar sadakar uku, da aka shafa addu'a mutane za su tashi, na miƙe na ce a dakata. Na ɗaga murya yadda matan da ke cikin gida za su ji. Na ce ni ne mashayin. Na ce abin da Gwaggo take dafawa ba ya sa maye, shi ya raba ni da maye, kuma ina tsaye aka fasa mata tukunya na yi shiru. Ban daɗe ba. Na zauna.

Can wani dattijo ya ce Allah Ya saka mini, ɗa nagari ne mai ɗaukar laifin uwarsa. Wasu suka gyaɗa kai. Ashe ba su yarda ba. Sun fi ganewa a ce tsohuwa ta dafa giya da a ce ladaninsu ya sha. Sai da Liman ya ce shi shaida ne. Baffa ya lalubo hannuna ya riƙe, ya tambaye ni ko ranar da ya fasa tukunyar ni aka dafa wa abin da ke ciki. Na ce nawa ne. Bai sake ni ba har kowa ya watse, gemunsa ya jiƙe da hawaye.

Har yau akwai masu cewa rufa mata nake yi. Akwai kuma waɗanda suka je wurin Liman suka ce a canza ladan. Ban san yadda za ta ƙare ba, kuma duk yadda ta ƙare na karɓa. Shi ya sa na ga ya kamata a ajiye maganar a rubuce, yadda ba mai rage ta.

Jiya da hantsi maƙwabciyar nan mai aron rariya ta yi sallama a ƙofar gidana. Ta tsufa, da sanda take tafiya. Ta ƙi shiga, ta ƙi zama. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta yi magana.

"Ladan, ta yaya ake neman gafarar wanda ya riga ya mutu?"

Na ce mata, "Ban sani ba, Inna. Ni ma abin da nake nema ke nan."

Muka tsaya a nan, ni da ita, muka yi mata addu'a. Allah Ya sanyaya wa Gwaggo makwanci, Ya shayar da ita abin da babu ɗaci a cikinsa.